Mai magana da yawun ma'aikata ba maroƙi ba ne

Ƙannena masu neman aikin hulɗa da jama'a a Gusau ko Birnin Kebbi, ku ji wannan tun kafin ku karɓi takardar kama aiki. Akasarin masu ɗaukar ku mai yabo suke nema: wanda zai bi mai gida da waya, ya ɗauke shi hoto wurin ƙaddamar da rijiyar burtsatse, ya rubuta "jagora adali mai kishin talaka" a Facebook. Wannan kirari ne, kuma waɗanda suka gaje shi sun fi ku iyawa. Ba a gane ko kun iya aikin sai ranar da abu ya ɓaci, wakilin BBC Hausa ko na Aminiya ya kira bayan sallar asuba yana tambayar mutum nawa ne.

Wurin adadi aka fi yin tuntuɓe. Lokacin da aka sace ɗaliban makarantar 'yan mata ta Jangebe ranar 26 ga Fabrairun 2021, adadin da aka fara bayarwa 317 ne. Da aka sako su farkon Maris, aka ce 279. Ko da kowa ya faɗi iya saninsa ne cikin ruɗani, wannan tazarar kaɗai ta isa ta sa jama'a tambayar ina sauran. Don haka kada adadi ya fito daga bakinka sai ka san wanda ya ƙirga, da abin da ya duba: rajistar makaranta ce, ko littafin asibiti, ko ƙiyasin wanda ya tsaya bakin hanya. Kuma ka ɗaure shi da lokaci: "Ya zuwa ƙarfe goma na safiyar yau, mun tabbatar da kaza, ana ci gaba da ƙirga." Idan ya sauya da yamma, ba wanda zai ce ka yi ƙarya.

Sanarwar farko ta fita cikin sa'a ɗaya zuwa biyu, kada ta wuce layi shida. Abin da ya faru, a ina, yaushe, me ake yi yanzu, da ƙarfe nawa za a ƙara bayani. Kada ka saka dalilin da ba a bincika ba, kada ka ambaci sunan mamaci kafin iyalinsa su ji. Abin da ke hana ta fita da wuri kusan kullum ɗaya ne: mai sa hannu yana Abuja ko Umra, wayarsa a kashe. Maganinsa sai tun ana zaune lafiya. Ka nemi a rubuta, a takarda, wane ne zai amince da sanarwa idan mai gida bai samu ba, kuma wane ne kaɗai zai yi magana da 'yan jarida. Baki biyu daga ma'aikata ɗaya, labari biyu ke nan.

Sai harshe. Ana rubuta sanarwa da Turanci, a bar kowane gidan rediyo ya fassara yadda ya ga dama, sai ka ji wannan ya ce an dakatar da ma'aikaci, wancan ya ce an kore shi. Ka rubuta ta Hausa da hannunka, ka fitar da su tare. Ka kuma naɗi murya ta daƙiƙa 40 zuwa 60, a ɗakin da babu ƙarar janareta, ka fara da sunanka, muƙaminka da kwanan wata, domin tsohuwar murya takan dawo yawo a WhatsApp bayan shekara kamar yau aka yi ta. A Kebbi kuwa Hausa ba ta gama aiki ba. Saƙon da zai je ƙasar Zuru, ko Kamba, ko rugage, yana buƙatar mai faɗinsa da Dakarkarci, Zabarmanci ko Fulatanci.

Masu ganin aikin nan duka a waya yake, su tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara tsawon makonni. Wanda ba shi da hanya zuwa gidan rediyo, fadar hakimi da limaman Juma'a, bakinsa ya rufe. Haka ma gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, wadda ta fito daga dutsen zinarin da ake niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400. Cewa mutane su bar haƙar zinari ba ya shiga kunne, abincinsu ne. Saƙon da ake iya bi shi ne kada a niƙa dutsen cikin gida, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a taɓa yara, kuma wannan sai ya isa ga matan da ke cikin gidajen. Takardar manema labarai ba ta shiga can.

Kuɗin mota da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro, kowa ya san da shi. Labarin yini ɗaya yake saya. Abin da ke riƙe ɗan jarida shi ne ka ɗaga waya, ka faɗa masa lokacin da za ka ba shi amsa, ka kuma cika kafin a rufe karɓar labaran yamma.

Game da tsayuwarku a sana'ar: Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, wato NIPR, an kafa ta a 1963, dokar 1990 kuma ta ba ta ikon yi wa masu aikin rajista. Ku yi rajistar. Ku karanta dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, musamman idan a jami'a ko asibitin tarayya kuke, don kwana 7 ta bayar a amsa wa mai neman bayani, kuma sau da yawa teburinku takardar za ta faɗo. Muƙamin mai taimaka wa ɗan siyasa kan soshiyal midiya, ku karɓa idan ya zo, amma da wa'adin mai gida yake ƙarewa, zagin da kuka yi da sunanku kuwa yana nan a intanet ranar da kamfanin shinkafa a Argungu ko wata ƙungiyar agaji za su duba shafinku kafin intabiyu.

Ku tara abin nunawa: sanarwa biyar da aka buga, murya biyu, da rahoto ɗaya mai nuna abin da ya sauya bayan saƙonku, ba yawan masu danna hoto ba. Ku gyara rubutun Hausarku, ƙ da ɗ da ɓ su zauna inda suke. Jerin lambobin 'yan jarida a sabunta shi duk wata uku, saboda ana yawan sauya wa wakilai jiha. Ranar da kuma aka ce ku ƙaryata abin da kuka san ya faru, kada ku yi gardama a gaban mutane. Ku keɓe da mai gida, ku miƙa masa wata sanarwar da ba ta da ƙarya a ciki, idan ya nace, ku roƙi a ba ku umarnin a rubuce.