Ga ƙannena da suka ci bak, ruwan ido ya hana su zaɓen fanni

Duk shekara da sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare a nan Kamaru, ya fito, wayata ba ta hutawa. "Yaya, tarihi zan yi ko labarin ƙasa? Ko dai ilimin zamantakewa?" In na tambayi dalili, sai ka ji an ce ai wane ma can ya yi rajista. Haba ƙanena! Wanen ne zai zauna maka jarrabawa?

Lisans, wato digirin farko, shekara uku ce. Jaka 50 ta sefa za a biya wa jami'a kowace shekara, ban da hayar ɗaki a Dang, inda jami'ar take, in Gaundare ka nufa, ban da abinci da fotokofi. Ka san rumfar da kuɗin nan ke fitowa. Wanda ya shekara guda sannan ya ce fannin bai yi masa ba, galibi aji ɗaya zai koma, gumin tsoho ya tafi a banza.

Ga abin da nake sa kowa ya yi kafin rajista. Ka nemi wanda ya riga ka shiga, ka ari darussan shekarar farko na fannonin da kake waswasi a kansu, ka ba kowanne kwana uku. Akwai wanda za ka buɗe barci ya ɗauke ka. Akwai kuma wanda za a kira la'asar ba ka ankara ba. Wannan na biyun ka riƙe, domin a irin karatunmu takardar kaɗai ba ta ciyar da kowa. Wanda ya iya rubutu da bincike shi ake nema, kuma mutum ba ya ƙwarewa a abin da yake karantawa dole.

Masu cewa tarihi tatsuniya ce, su nake jin haushi. Masanin tarihi Eldridge Mohammadou ɗan Garwa ne. Ya bi fadojin lamidai yana ɗaukar maganar tsofaffi da Fulatanci, yau duk mai binciken tarihin masarautar Rai Buba ko Marwa sai ya bi ta kansa. Mu fa? Labarin fataken da suka kafa unguwannin Hausawa a garuruwan nan yana bakin kakanninmu, kullum kuma ana binne su.

Labarin ƙasa kuwa ya wuce haddar sunayen koguna. Ambaliyar Logon, janyewar Tafkin Cadi, rikicin manoma da makiyaya, duk aikinsa ne, muddin ka koyi zana taswira da kwamfuta.

Sai harshe. Kun tashi da Hausa, kun tsinci Fulatanci a kasuwa, boko ya ba ku Faransanci, wasunku allo ya buɗe musu Larabci. Ku ƙara Ingilishi ko wane fanni kuka ɗauka. Makarantar tafinta ta ASTI tana Buya, konkur, wato jarrabawar shiga, na makarantar horar da malamai ta ENS Marwa da na makarantar ma'aikatan mulki da alƙalai ta ENAM a Yawunde suna nan, amma kujerun kaɗan ne, masu nema kuwa kamar fari.

Ke kuma ƙanwata, in an ce ba za ki yi nisa da gida ba, kada ki ajiye karatun. Marwa na da jami'a tun 2008, Garwa ta samu tata a 2022. Ki duba fannonin da ke kusa da ke, ki kai wa Baba takardar da kanki, ku zauna ku yi magana kafin a rufe rajista.