Kujeru 13, da mutumin da ya ce in daina kawo tarihi

Waɗanda muka zauna tare daren Asabar kun san abin da ya faru. An gama kallon wani tsohon fim ɗin Jamus mai suna 13 Stühle, kowa na share hawayen dariya, sai wani bawan Allah ya gyara zama ya ce wai irin finafinan da ya kamata a koma yi ke nan: babu batsa, babu siyasa, ga kuma darasi a kan haƙƙin maraya. Na ce masa, "Malam, ka duba shekarar da aka yi shi kuwa?" Ya ce, "Kai matsalarka ke nan, komai sai ka kawo tarihi." Aka yi dariya aka watse. Ni kuwa maganar ta tsaya min a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, yau kwana uku.

To bari in kawo tarihin, tunda laifina ke nan.

Fim ɗin nan na Jamusanci, 13 Stühle, wato kujeru goma sha uku, a 1938 aka yi shi. Ku riƙe wannan shekarar, don zan ta maimaita ta har ku gaji da ni. Heinz Rühmann ne ya fito a mai aski Felix Rabe, wanda aka aiko masa cewa goggonsa ta rasu a Biyena, babban birnin Ostiriya, ta bar masa gado. Ya taho yana ta lissafin arziki a ransa, ya tarar da gida wayam sai tsofaffin kujeru 13. Ya sayar wa dillalin tsofaffin kaya, wanda Hans Moser ya fito a matsayinsa, don ya samu kuɗin komawa gida. Bayan ciniki ya faɗa sai ga wasiƙa: goggo ta ɗinke mark 100,000, kuɗin Jamus na lokacin, a cikin ɗaya daga cikin kujerun. Dillali kuma ya riga ya rabar da su ga masu saye. Shi ke nan, mutum biyu suka bazama gida-gida suna farke kujerun mutane.

Abin dariya ne? Ƙwarai kuwa. Ni ma na yi dariya, kada wani ya ce na zauna na murtuke fuska. Moser kaɗai ya isa: yadda yake ƙunƙuni, yana haɗiye rabin magana, yana yarfa hannu kamar an cuce shi tun ranar suna. Ko ba ka jin Jamusanci sai ka dara. Ban taɓa cewa fim ɗin ba shi da daɗi ba. Cewa na yi ba wankakke ba ne kamar yadda Malam ke zato.

Labarin ba nasu ba ne. Daga wani littafin Rasha aka ɗauko shi, na Ilf da Petrov, wanda ya fito a 1928, mai kujeru 12. A can, me ya sa tsohuwa ta ɓoye lu'ulu'unta a cikin kujera? Saboda an yi juyin juya hali, hukuma na ƙwace kayan masu hali. Kujerun ma kansu ƙwace su aka yi, daga baya aka yi gwanjon yawancinsu a Mosko suka watsu. Wato ƙashin bayan labarin gaba ɗaya shi ne ƙwace: an shiga gidan mutane, an kwashe kaya, kayan sun faɗa hannun waɗanda ba su san tarihinsu ba. Sai masu fim na 1938 suka zo suka zare wannan ƙashin tsaf, suka bar mana wata goggo mai abin mamaki wadda haka kawai ta ga dama ta cusa kuɗi a kujera. Sunan marubutan ma ba su sa ba. Ilf Bayahude ne, zamanin kuma na Hitler ne, ku ƙarasa lissafin da kanku.

Kuma a wane gari suka ajiye labarin? Biyena. A wace shekara? 1938.

A ranar 12 ga Maris na shekarar sojojin Hitler suka shiga Ostiriya. Kwana uku bayan haka ya tsaya a dandalin Heldenplatz na Biyena yana jawabi, jama'a maƙil suna shewa. A makonnin nan aka riƙa fito da Yahudawa daga gidajensu, likitoci da lauyoyi da tsofaffi, ana durƙusar da su suna goge titi da buroshi, maƙwabta na tsaye suna kallo suna dariya. Ƙidayar 1934 ta nuna Yahudawa kimanin 176,000 ne a birnin. A watan Afrilu aka kafa dokar cewa duk Bayahuden da dukiyarsa ta haura mark 5,000 sai ya rubuta ta ya miƙa wa hukuma. A watan Agusta Eichmann, wani jami'in Nazi, wato jam'iyyar Hitler, ya buɗe ofishinsa na korar Yahudawa a birnin, inda mutum zai shiga da gida da shago da ajiya a banki, ya fito da takardar tafiya kawai. Kayan ɗaki kuwa, kujeru da tebura da agogon bango, suka cika gidajen gwanjo da shagunan dillalai a farashin banza.

A wannan garin, a wannan shekarar, aka zaunar da mutane a silima suna ƙyalƙyala dariya a kan gidan da aka tarar wayam, da dillalin da ya sayi kujeru da arha, da dukiyar da wata ta ɓoye a cikin kayan ɗaki. Sannan wani ya dube ni ya ce babu siyasa. Sannu Malam. Allah ya ƙara basira.

Na san abin da za ku ce, don wasu sun riga sun faɗa min. Wai ai babu tutar Nazi a ciki, babu wanda ya ɗaga hannu yana gaisuwar Hitler. To da ma wa ya ce sai an ɗaga hannu? Goebbels, ministan farfagandarsu, ba wawa ba ne. Ya san mutum ba zai biya kuɗinsa kullum a yi masa huɗuba ba. Tsakanin 1933 da 1945 an yi finafinai sama da 1,000 a Jamus, kuma kusan rabinsu na barkwanci ne. Ba don gwamnatin na da raha ba. Aikin irin wannan fim shi ne ka fito daga silima ka ji garinku lafiya lau yake, mutanensa masu ban dariya ne, babbar matsalar duniya ita ce wace kujera ce ke da kuɗi. Ka bi ta gaban shagon da aka fasa jiya ba tare da ka waiwaya ba. Tun 1933 duk mai son yin aikin fim sai ya shiga ƙungiyar da hukuma ta kafa, Bayahude kuma ba ya shiga. Don haka tsabtar da Malam ya gani, shara aka yi kafin a kunna kyamara.

Wasu kuma suka ce 'yan wasa ne kawai, neman abinci suke. Wannan na fi jin sa, kuma a nan ba zan yi gatse ba. Su biyun nan da suka ba mu dariya, kowannensu matarsa Bayahudiya ce a lokacin da ake ɗaukar fim ɗin. Rühmann ya rabu da tasa, Maria Bernheim, a 1938 ɗin nan, daga baya ta samu ta fita zuwa Suwidin ta tsira. Har yau Jamusawa na gardama ko ceton ta ya yi ko ceton sana'arsa, wataƙila ma duka biyun. Moser kuwa ya ƙi sakin tasa, har wasiƙa ya rubuta wa Hitler yana roƙo a ƙyale masa ita. A 1939 dole ta bar ƙasar ta koma Hangari, sai bayan yaƙi suka sake zama tare. Tun da na san wannan, in na ga Moser yana ƙunƙuni a kan kujera sai dariyar ta maƙale min rabi. Mutumin nan yana tashi daga wurin aiki ya koma gidan da bai san ko gobe zai tarar da matarsa a ciki ba. Ban isa in yanke musu hukunci ba, ban san me zan yi ba da ni ne. Amma wanda ya ce babu siyasa, su ma ya shafe su.

Batun darasin maraya kuma, don Allah a bar shi. E, kujerar ƙarshe gidan marayu ta faɗa, kuɗin ya zama nasu. Madalla. Sai me ya biyo baya? Aka zagayo ta ƙofar baya aka azurta mai askin da maganin tsirar da gashi da ya haɗa. Wato an karɓe masa da dama don a ce an yi wa'azi, an mayar masa da hagu don kada mai kallo ya tafi da ɓacin rai. Kowa ya samu, babu wanda ya yi asara. A Biyena ta 1938, babu wanda ya yi asara! Freud, Bayahuden nan masanin halayyar ɗan Adam, da duk sunansa a duniya, sai da aka biya harajin ficewa kafin ya bar garin a watan Yuni. Shi mai sa'a ne, ya fita har da shahararriyar kujerarsa da marasa lafiyarsa ke kishingiɗa a kai, tana nan a gidansa na Landan ana zuwa kallo. 'Yan'uwansa mata huɗu da ya bari a baya, babu wadda ta tsira.

Ban ce kada a kalla ba. Ku kalla, ku yi dariya, ni ma zan sake kallo. Amma a kalla da shekarar a gaban goshi. 1938. Na faɗa muku zan maimaita.

Ita kuwa goggon fim ɗin, ina da wata jiƙaƙƙa da ita daban. Wace irin mai hankali ce za ta ɗinke kuɗi a kujera ta ɓoye wasiƙar inda sai an yi sa'a za a gani? Ko da yake ban da bakin magana. Da kakata ta rasu ina yaro, mata suka zo raba kayan ɗaki, aka ɗauki wani tsohon matashin kai za a jefar, sai inna ta ji yana ƙara. Aka farke, ga takardun naira ashirin-ashirin masu hoton Murtala, a naɗe cikin ƙyalle, an ɗaure da zare. Gida ya rikice, har an fara maganar a kira malam ya yi rabo. Sai kawu ya ɗaga ɗaya ya duba a rana ya ce wannan ai tsohon launi ne, tun canjin kuɗi na 1984 aka daina karɓarsa. Har yanzu akwai guda biyu a cikin akwatin inna, ta hana kowa taɓawa.