Kafin ka zuba kuɗinka a rodiyum, wa zai saya a hannunka a Bauchi?

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ƙannena 'yan makaranta na Gwallameji da Yelwa, da masu zaman shago a Wunti da Muda Lawal. Maganar rodiyum ɗin nan da ta fara yawo a wayoyinmu nake so mu ɗan tattauna, don na ga yadda ake turo hoton farin ƙarfe yana sheƙi ana rubuta wai ya fi gwal tsada, wai masu wayo sun bar kirifto sun koma can, kai ma ka kawo dubu hamsin a saya maka rabonka. Dan Allah kafin ka taɓa kuɗin makarantarka ko jarin shagon maigidanka ka karanta wannan har ƙarshe, ba zai ci maka data ba.

Farko dai rodiyum gaskiya ne, ba ƙarya ba. Ƙarfe ne fari ɗan gidan su filatinum da faladiyum, wani Bature ɗan Ingila mai suna William Wollaston ne ya gano shi tun wajen 1804. Kuma da gaske yana da ƙaranci, abin da duniya gaba ɗaya take haƙowa a shekara bai wuce tan 30 ba, alhali gwal ana haƙo sama da tan 3,000. Kusan kashi 80 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa, sauran kuma Rasha da Zimbabuwe da 'yan wasu wurare. Babu ma ramin da ake tonawa don shi kaɗai, a cikin aikin filatinum da nikel ake tsinto shi. Duk wannan masu tallan suna faɗa kuma ba su yi ƙarya ba. Inda suke yin shiru shi ne wa ke sayensa, kuma me yake yi da shi.

Toh mai sayensa kamfanin mota ne. Ka san abin nan da ke cikin salansar mota da kanikawa ke kira indomi? In ka taɓa tsayawa a gareji an yanke tukunyar za ka gan shi, wani abu mai ƙananan ramuka reras a jere, launin ƙasa-ƙasa, in ka matsa da ƙarfi ya ruguje a hannunka ya bar maka ƙura. A jikin ramukan nan aka shafa filatinum da faladiyum da rodiyum, kaɗan-kaɗan, aikinsu su tace gubar hayaƙi kafin ya fita. Kusan kashi 80 na rodiyum ɗin duniya nan yake tafiya. Shi ya sa 'yan sayen indomi ke zagaya garejoji, mutum ya juya tukunyar ya goge lambar jikinta da yatsa ya duba a waya sannan ya yanka maka farashi, shi ya sa kuma ake kwana a wayi gari an shiga ƙarƙashin motar mutum an yanke ta. A nan zan ɗan tsaya, ƙanina in kana harkar gwangwan aka kawo maka indomi da asuba ba mota ba mai mota, ka san dai abin da kake saya, kuma ranar da aka kama yaron kai zai fara nunawa.

Kaga kenan farashinsa ba ruwansa da son da mutane ke masa, yana bin yawan motocin fetur da ake ƙerawa ne da dokar hayaƙi ta Turai da Chana da Indiya da Amurka. Duba tarihinsa da kanka. A tsakiyar 2008 oza ɗaya, wato giram 31 da ɗoriya, ta haura dala 10,000. Tattalin arzikin duniya ya girgiza, mutane suka daina sayen mota, kafin shekarar ta ƙare ya dawo wajen dala 1,000. A 2016 ya sauka har ƙasa da dala 700, babu mai ko kallonsa. Daga nan Chana da Indiya suka tsaurara dokar hayaƙi, a 2020 korona ta rufe ramukan Afirka ta Kudu, masana'antar tacewa ta Anglo American Platinum da ke Rustenburg ita ma ta samu matsala ta tsaya, kaya ya yi ƙaranci, sai ga shi a watan Maris 2021 ya kai wajen dala 29,000. Wannan hoton ne ake turo muku, layin yana hawa kaman ba zai tsaya ba. Ba a turo na 2023 lokacin da ya faɗo wajen dala 4,000, bayan kaya ya dawo kasuwa kuma kamfanonin zaren gilashi na Chana sun fito da wanda suka tara sun sayar.

Yi lissafin da kanka. Wanda ya shiga a saman nan da dubu ɗari, in da dala ake ƙirgawa, abin da ya rage masa a farashin 2023 bai kai dubu goma sha biyar ba. Wani zai ce ai naira ta faɗi daga 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500, hakan zai cike giɓin. Bai cike ba wallahi, ko da hakan ka haɗa wajen rabin kuɗinsa ya tafi, ga shi buhun shinkafa ya ninka a tsakanin. Eh ya sake ɗan motsawa sama a 2025, shi ya sa ma maganar ta dawo, amma motar lantarki ba ta da salansa balle indomi, kuma a Chana yanzu wajen rabin sababbin motocin da ake sayarwa masu caji ne. Ni ban ce gobe zai mutu ba, motar fetur tana nan da sauranta, ina dai nuna maka cewa wanda ya ce maka ba ya faɗuwa ko dai bai sani ba ko kuma ya sani yana so ka shiga ne.

Faladiyum ma haka, ya haura dala 3,000 a Maris 2022 da aka fara yaƙin Rasha da Yukiren saboda tsoron kayan Rasha zai yanke, farkon 2024 ya dawo ƙasa da 1,000. Kamfanin Ford da kansa, wanda shi ne mai amfani da abin, ya taɓa tara shi da tsada don tsoron ƙaranci, a 2002 sai da ya rubuta asarar dala biliyan ɗaya. Kamfani mai ofis guda na masu lissafi kenan fa.

Amma duk wannan ba shi ne babban abin da ke damuna ba. Mu ɗauka ma farashin zai tashi. Mu ɗauka ka yi sa'a an kawo maka na gaske har gida, ɗan sandan ƙarfe na oza ɗaya irin wanda Baird na Landan ke yi, a cikin ledarsa da takardarsa. Ranar da Mama ta kwanta asibiti ake neman kuɗi kafin la'asar, ina za ka kai shi?

Yayarka in ta cire ɗan kunnenta na gwal ta shiga kasuwa, mai gwal zai goga shi a baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji ya ga ko zanen zai tsaya, ya ɗora a ƙaramin sikeli, ya danna kalkuleta, ta ƙirga kuɗinta ko ta ji alat kafin mai Keke ya gaji da jira. In farashinsa bai mata ba ta matsa shago na gaba. A Bauchi haka, a Gombe haka, a Kano haka, har Makka in ta je. Kai kuma da ka ajiye masa rodiyum zai juya shi ya sake juyawa ya ce Malam wannan azurfa ce ko silba? Ba shi da abin gwada shi, ruwan da ke narkar da gwal ma da ƙyar yake taɓa shi, ba zai iya narkar da shi ba don sai zafi ya kai wajen digiri 1,960, maƙerinsa ba zai yi sarƙa da shi ba, kuma shi ma bai san wanda zai sayar wa ba. Ko a Turai ɗin ma ba shi da babbar kasuwa a buɗe irin ta gwal, kamfanoni ƙalilan irin su Johnson Matthey ke fitar da farashin da ake dubawa, manyan masu saye kuma garinsa suke so ba sanda ba, dillalan da ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane kuwa tazarar da ke tsakanin yadda suke sayar maka da yadda za su karɓa a hannunka tana da faɗi sosai. Tun ranar da ka saya ka riga ka faɗi. Kamar ka sayi raƙumi ne a garin da ba mai hawa ba mai yankawa, tsadarsa tana nan amma a bakinka kawai.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, cikinmu wa za a kawo wa na gasken? Abin da ake tallata mana ba ƙarfe ba ne, lamba ce a fuskar waya. Ka yi rajista, ka tura kuɗi asusun wani mutum da ba ka taɓa gani ba, manhaja ta nuna maka kana da giram kaza a ajiye a Dubai ko Suwizalan, kullum da safe ka ga riba ta ƙaru, in ka kawo mutum uku a ba ka kamasho. Tambaya ɗaya, ƙarfen da ke kwance a akwati ta ina yake haifar riba kullum? Ba ya haihuwa, ba ya biyan haya, ribarsa ɗaya ce tak, ka sayar sama da yadda ka saya. Duk wanda ke biyanka kashi kaza a sati da sunan ƙarfe, kuɗin wanda ya shigo bayanka yake ba ka. Mun ga irin wannan damfarar, MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ma haka a Afrilu 2025, riga kawai ake canzawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma mafi ciwo ba baƙo ke kawo mana ba, abokin karatunka ne, ɗan majalisarku ne, wanda shi ma ya yarda da gaske har ya sa kuɗin matarsa, shi ya sa kake jin nauyin ce masa a'a.

Sai masu zuwa da gari a kwalba ko dutse a leda, wai daga wani rami aka samo a daji, akwai Bature a Abuja yana jira, kuɗin gwaji kawai ake nema. Irin labarin jan makuri ne na cikin tsohon keken ɗinki da dutsen guga mai zakara, an yi ta bi gida-gida ana ɗaga kayan tsofaffi, har yau ba a nuna mana wanda ya gina gida da shi ba. Ƙasarmu tana da ma'adinai kam, kuza da kwalambait na yankin Toro da Jos ba tatsuniya ba ne, amma ba a san Najeriya da fitar da rodiyum ba. Kuzar ma ai darasi ce, ku tambayi dattawan da suka yi aikinta yadda garuruwa suka mutu bayan kasuwarta ta duniya ta rushe a 1985, aka bar mutane da kududdufai. Su fa kayan yana hannunsu kuma akwai masu saye a ƙofa, farashin ne kawai ba su da iko da shi.

'Yan mata ku ma, sarƙar da aka ce muku an yi mata ruwan rodiyum, shafe ne siriri wanda bai kai kaurin gashi ba, don ta yi haske ne kawai kuma yana gogewa. Ki saya don kwalliya in tana burge ki, ba ajiya ba ce.

Ta ɓangaren addini ba zan yi fatawa ba, malamanmu suna nan a kowace unguwa. Amma kowa ya san an hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, an kuma hana cinikin da ke cike da duhu, ba ka ga kaya ba, ba ka san inda yake ba, ba za ka iya karɓa ba in ka nema. Ka kai wa malaminka bayanin yadda abin yake ɗin, ba yadda mai talla ya tsara maka ba, ka ji me zai ce.

In ajiya kake so kuma lallai sai ƙarfe, gwal ɗin da kakanninmu suka sani yana nan, ka sayi giram ɗaya ko biyu a wurin wanda aka sani da shago, a auna a gabanka, ka karɓi rasit, ka tambaye shi nawa zai karɓa in ka dawo da shi gobe. Shi ma yana sauka fa, kuma kuɗin ƙira ba ya dawowa. Akwai sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya da ake fitarwa tun 2017. Akwai abin da ka fi kowa sani, buhun masara ko wake ko riɗi da kaka, tumaki kafin layya, waɗanda in ta ɓaci ranar kasuwa ɗaya ta isa ka mayar da su kuɗi. Duk kamfanin da ya ce zai juya maka kuɗi kuma, ka shiga shafin SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, ka duba sunansa, takardar CAC da suke liƙawa a gurup rajistar suna ce kawai, ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba.

Wanda kuma ya riga ya saka, kar ka tsaya jin kunya. Gwada cire uwar kuɗinka yau, ba ribar ba, dukka. In ta fito alhamdulillah, kar ka mayar, kuma kar ka ƙara jawo kowa. In aka ce sai ka biya kuɗin tantancewa ko haraji kafin a sake maka, kar ka tura ko sisi, haka aka yi wa mutanen CBEX bayan ta rufe, aka ce su kawo dala 100 ko 200. Ɗauki hoton duk hirarku da rasit ɗin tura kuɗin da lambar asusun kafin a goge gurup ɗin, ka je bankinka ka shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ku haɗu ku da abin ya shafa ku kai wa EFCC tare.