Kafin mu tafa, kuɗin daga ina?

Jama'a ni fa abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Da an buga gangar siyasa sai ka ji wannan jam'iyya ta ce za ta rage haraji, waccan ta ce ilimi kyauta asibiti kyauta ga ƙarin albashi, mu kuma muna ta tafi, ba mai ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe kuɗin daga ina za su fito? Gwamnati ba rijiyar kuɗi gare ta ba. Ko haraji, ko bashi, ko a zaftare wani aikin, ko a buga kuɗi kaya su yi tashin gwauron zabi.

Ku duba Sri Lanka. A 2019 Gotabaya Rajapaksa ya yi alƙawarin rage haraji, ya ci zaɓen shugaban ƙasa kuma ya cika, harajin sayen kaya wato VAT daga kashi 15 ya koma kashi 8. Kuɗin shiga suka zube, korona ta zo ta tsayar da masu yawon buɗe ido, a 2022 ƙasar ta kasa biyan bashin waje, mutane na kwana a layin mai, shi kansa sai da ya gudu ya bar ƙasar. Bai yi ƙarya ba fa, cika alƙawarin ne ya taimaka wajen jefa su a rami, kuma wallahi wannan ya fi ba ni tsoro a kan irin na Bush babba na Amurka, da ya ce a 1988 ba zai ƙara haraji ba, ya zo ya ƙara a 1990.

Abin da ke burge ni da ƙasar Holan, tun 1986 jam'iyyu ke kai manufofinsu wata hukumar gwamnati ta masana tattalin arziƙi, ta lissafa nawa kowane alƙawari zai ci, a buga kowa ya gani kafin a jefa ƙuri'a.

Ni yanzu in zan gwada jam'iyyu biyu ba na fara duba wa ya fi yawan alƙawari, shafin kuɗin shiga nake nema. Sannan wane harajin za a taɓa? Don in aka rage wa manyan kamfanoni aka cike giɓin da VAT, talakan da ke cinye duk abin da ya samu a cefane shi zai biya, ko da kuwa bai taɓa taka ofishin haraji ba.