Shikago da cinikin biri a sama wajen naɗa shugaban makarantu

Yaron da aka kai ajin share fage a makarantar gwamnati a birnin Shikago na Amurka a 2009, ya kammala sakandare a 2022, ya yi karatu ƙarƙashin shugabannin makarantun birni har tara. Ron Huberman ya tarar. Kafin ya karɓi takardar shaidarsa an yi Terry Mazany, Jean-Claude Brizard, Barbara Byrd-Bennett, Jesse Ruiz, Forrest Claypool, Janice Jackson, José Torres da Pedro Martinez. Uku daga cikinsu riƙon ƙwarya suka yi. Ɗaya ta ƙare a gidan yari. Ɗaya ya ajiye aiki bayan mai binciken cikin gida ya ce ya yi ta shara masa ƙarya. Na ƙarshensu kuwa, Martinez, an kaɗa ƙuri'ar korarsa ana saura kwana biyar Kirsimeti a 2024.

Sai an fahimci muƙamin kafin a gane girman wannan tsalle-tsalle. A Amurka ba ma'aikatar ilimi ta tarayya ke tafiyar da makarantu ba. Ƙasar ta kasu zuwa gundumomin makarantu kimanin dubu 13, kowace da hukumarta, hukumar ce kuma ke ɗaukar mutum ɗaya ta damƙa masa ragama. Sunan muƙamin a bakinsu iri ɗaya ne da na sufurtandan 'yan sanda, amma babu ruwansa da kaki. Shi ke tsara kasafi, shi ke zama da ƙungiyar malamai kan albashi, shi ke kawo shawarar rufe makaranta ko buɗe wata, har ranar da dusar ƙanƙara ta yi yawa shi ke cewa yara su zauna gida. A ce an haɗa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da shugaban SUBEB a jikin mutum ɗaya. Bambancin shi ne na Shikago yana riƙe da ɗalibai fiye da dubu 300, makarantu fiye da 600, da kasafin da ya kai wajen dala biliyan 10 a shekara, wanda babu jihar Najeriya da ta ko kusa da shi.

Duk lokacin da kujerar ta zama babu kowa, sai a shiga neman mai ceto. Ni kuwa abin da na gani a tarihin wannan birni shi ne shugaban makarantu ba shi da ƙarfin da ake ɗora masa wajen gyara, amma yana da ƙarfin ɓarna fiye da yadda ake zato. Tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Saboda haka hanyar zaɓensa ta fi sunansa muhimmanci, kuma a nan ake yawan yin sakaci.

Kan batun ƙarancin ƙarfinsa wajen gyara, ba hasashe nake yi ba. A 2014 cibiyar Brookings ta fitar da wani nazari kan bayanan ɗalibai na jihohin Florida da North Carolina, ta gano cewa kason da za a iya jinginawa ga shugaban gunduma cikin bambancin sakamakon yara bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Malamin aji ya fi shi tasiri ninkin ba ninkin. Shikago kanta hujja ce. A 2017 Sean Reardon na jami'ar Stanford ya duba sakamakon jarrabawa daga 2009 zuwa 2014, ya tarar yaran birnin suna samun karatun shekara shida cikin shekara biyar tsakanin aji uku da aji takwas, abin da ya ɗara na mafi yawan gundumomin ƙasar. Ka koma jerin sunayen da na kawo a sama. A waɗannan shekarun ne ake ta sauya shugabanni kamar riga, har da yajin aikin malamai na 2012 a tsakiya. To wa ya yi aikin? Hedimastoci da malamai da suka zauna a wuri ɗaya, suna shiga aji ko wane ne a ofishin tsakiya.

Ɓarnar kuwa ba ta buƙatar dogon nazari. A watan Mayun 2013, zamanin magajin gari Rahm Emanuel, Byrd-Bennett ta jagoranci rufe makarantu kimanin 50 a tashi ɗaya, akasarinsu a unguwannin baƙaƙen fata na kudu da yammacin birnin, da hujjar babu ɗalibai isassu kuma babu kuɗi. Wata ɗaya bayan nan hukumar ta amince da kwangilar dala miliyan 20.5 ta horar da hedimastoci, ba tare da gasa ba, ga kamfanin SUPES Academy, inda ita Byrd-Bennett ta yi aiki kafin ta zo. 'Yar jarida Sarah Karp ce ta fara tono alaƙar. Da masu gabatar da ƙara suka buɗe saƙonninta, sai ga wanda take faɗa wa mai kamfanin cewa tana da kuɗin makaranta da za ta biya da gidajen caca da za ta ziyarta. Ta amsa laifi a 2015, aka ɗaure ta shekara huɗu da rabi a 2017. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikinta da wannan kamfani ba sirri ba ne. Duk wanda ya karanta tarihin aikinta zai gani. Ba a yi zaman da iyaye ko 'yan jarida za su tambaye ta a kai ba kafin a naɗa ta, don magajin gari ne ya nuna ta, hukumar da shi ya naɗa ta sa hannu.

Wannan tsari ya samo asali ne daga dokar jihar Illinois ta 1995, wadda ta miƙa makarantun Shikago ga magajin gari Richard M. Daley, ta mayar da muƙamin irin na shugaban kamfani, ta kuma ɗauke sharaɗin sai mai lasisin shugabancin makarantu. Daley ya fara da Paul Vallas, daraktan kasafin kuɗinsa. Huberman tsohon ɗan sanda ne da ya zo daga hukumar sufurin birni. Claypool ma ya riƙe hukumar sufurin, ya kuma yi shugaban ma'aikatan Emanuel. A New York abin ya fi haka ban mamaki: a ƙarshen 2010 Michael Bloomberg ya ɗauko Cathie Black, shugabar wani babban kamfanin mujallu da ba ta taɓa koyarwa ba, ya ɗora ta a kan yara wajen miliyan ɗaya ba tare da shawara da kowa a fili ba. Wata uku ta yi.

Wani zai ce to maganin ai a dawo da sharaɗin lasisi, kamar yadda sabuwar hukumar Shikago ta yi a 2025. Na yarda a dawo da shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Janice Jackson, wadda ta yi karatu a makarantun birnin, ta koyar a cikinsu, ta yi hedimasta kafin ta hau, tana cikin waɗanda suka sauka da mutuncinsu. Amma kada a ɗauki takarda a matsayin laya. Byrd-Bennett ta shafe rayuwarta a harkar ilimi. Beverly Hall ta Atlanta an ba ta lambar gwarzuwar shugabannin makarantu ta ƙasa a 2009, shekara biyu bayan nan binciken jiha ya gano an yi ta goge amsoshin yara ana gyarawa a makarantu 44. Ta musanta cewa ta sani, ta kuma rasu a 2015 kafin a yi mata shari'a.

Yawancin manyan gundumomi a yau kamfanin farautar ma'aikata suke ɗauka ya nemo musu mutum. Kamfanin ya tara sunaye, ya tace, hukuma ta yi hira da su a ɗaki rufe, sannan a fito wa jama'a da suna ɗaya. Hujjar masu kare wannan ba ta banza ba ce: wanda ke riƙe da aiki a wani gari ba zai nema ba idan ya san gobe sunansa zai fito a jarida, iyayen gidansa su ji yana neman tafiya. Gaskiya ne, wasu gwanaye za su noƙe. Sai dai a auna da abin da ya faru a Des Moines ta jihar Iowa, gunduma mai ɗalibai wajen dubu 30. A 2023 suka ɗauki Ian Roberts ta hannun kamfani irin wannan. A Satumban 2025 jami'an shige da fice suka kama shi, suka ce ba shi da izinin aiki a ƙasar kuma akwai umarnin fitar da shi tun 2024. Cikin 'yan kwanaki 'yan jarida suka gano digirin dakta da ya taɓa rubutawa a takardunsa wanda jami'ar ta ce bai kammala ba. Gundumar ta maka kamfanin a kotu. Abin da 'yan jarida suka tono cikin mako guda bayan an kama shi, da sun tono shi kafin a ɗauke shi in da an ba su sunan. A jihar Florida doka ta tilasta a yi irin wannan zaɓe a bainar jama'a, kuma manyan gundumominta irin Miami-Dade ba su rasa shugabanni ba. Matsakaicin abin da nake ganin ya dace shi ne a rufa asirin masu nema a zagayen farko, amma biyu ko uku na ƙarshe a fito da su, a ba mako biyu, su tsaya gaban iyaye da malamai su amsa tambaya. Wanda ba zai iya jure wannan ba, ta yaya zai jure daren da zai sanar da rufe makarantar unguwa?

Sai babbar tambayar da Shikago ta ƙi warwarewa tsawon shekara talatin: shi wannan shugaba, yaron wane ne? Lori Lightfoot ce ta kawo Martinez a 2021 daga San Antonio, akanta ne da ya tashi a Shikago. A 2023 Brandon Johnson, tsohon malami kuma tsohon jami'in ƙungiyar malamai, ya ci zaɓen magajin gari, kuma Vallas ɗin nan na 1995 ya kayar. A 2024 Johnson ya so gundumar ta ci bashin dala miliyan 300 don biyan sabon albashin malamai da kuma dala miliyan 175 na fanshon ma'aikatan da ba malamai ba. Martinez ya ƙi, ya ce bashi ne mai ruwa da yawa da zai ƙara nutsar da gundumar. Ya kuma bayyana cewa magajin gari ya nemi ya yi murabus. A watan Oktoba dukkan mambobin hukumar su bakwai, waɗanda Johnson ya naɗa da hannunsa, suka ajiye aiki. Ya naɗa wasu. Sabon shugabansu mako guda ya yi aka tono tsofaffin rubuce-rubucensa a kafofin sada zumunta ya sauka. Sauran suka kori Martinez a ranar 20 ga Disamba ba tare da kama shi da laifi ba, abin da ya ba shi damar zama wata shida bisa yarjejeniyar aikinsa.

Ba na cikin masu ganin Johnson ba shi da magana ko kaɗan. Jama'a suka zaɓe shi, ya yi alkawarin ƙara wa makarantu ma'aikata, kuma doka ta ba shi ikon naɗi. Idan tsarin ya ce shugaban makarantu yaron magajin gari ne, to yana da hakkin ya sauya shi. Matsalar ita ce an ɗauki Martinez kamar ƙwararre mai cin gashin kansa, aka kuma yi tsammanin zai yi biyayya kamar kwamishina. Ba a taɓa rubuta wanne ne daga ciki ba. Abin dariyar ma, Macquline King da aka ɗauko daga ofishin Johnson kansa ta riƙe ƙwarya a tsakiyar 2025, da ta zauna ta duba lissafin sai ta kawo kasafin da babu bashin a ciki, mafi rinjayen hukumar kuma suka bi ta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne birnin ya daɗe da sanin hanyar a ƙasa. Tun dokar 1988 galibin makarantun Shikago suna da majalisar da iyaye shida, mutanen unguwa biyu da malamai biyu ke zama a ciki tare da hedimasta, kuma su ke ɗaukar hedimasta kan yarjejeniyar shekara huɗu, su ke sabuntawa ko su ƙi. Iyaye suna da bakin magana kan wanda zai riƙe makarantar 'ya'yansu, amma daga 1995 har zuwa 2024 ba su da ko ƙuri'a ɗaya kan wanda ke saman hedimastocin duka.

Wannan ya fara sauyawa. A Nuwamban 2024 aka zaɓi mambobi 10 cikin hukuma mai kujeru 21, magajin gari ya naɗa 11. Daga Janairun 2027 duka kujerun zaɓaɓɓu ne. Ikon ɗauka da kora zai bar hannun mutum ɗaya ya koma hannun mutum 21, waɗanda ƙungiyar malamai da masu goyon bayan makarantun charter (na kuɗin gwamnati da ƙungiyoyi masu zaman kansu ke tafiyarwa) suka riga suka fara zuba miliyoyin daloli a yaƙin neman zaɓensu. Duk wanda ke kan kujerar a ranar zai wayi gari da sababbin iyayen gida, kuma sai ya samu 11 daga cikinsu kafin ya iya wuce da kasafi ɗaya.