Albasa a digiri 45

Ƙanwata ce ta turo min ɗanta daga Kano ya yi hutu a Legas, ta haɗo shi da littafin fiziks, wai in ɗan duba masa kafin WAEC, tunda duk gidanmu an san ni ne na taɓa cin darasin nan. Da daddare a ɗakina na Agege na yi ta bayani har maƙogwarona ya bushe, yaro yana kallona kamar rediyon da ya kama tashar Faransa. Na ce to, gobe ka biyo ni kasuwar Mile 12, gani ya kori ji.

Da safe a bakin rumfata na zaɓi albasa ƙosasshiya. Na ce masa duk abin da ka wurga tafiya biyu yake yi lokaci guda: yana yin gaba da gudunsa yadda yake, yana kuma yin sama ƙasa tana janyo shi, duk sakan ɗaya tana zaftare masa gudun mita 9.8 a sakan, masu jarrabawa kan ce a ɗauka 10 don sauƙi. Jifa ya fi nisa in an wurga shi sama a kusurwar digiri 45. Idan albasar nan ta bar hannuna da gudun mita 10 a sakan, ninka gudun nan 10 da kansa ka raba da 10 ɗin janyowar ƙasa, a mita 10 za ta sauka.

"Kawu, a nan za ka wurga?"

Na ce kai dai zuba ido.

Littafin ya ce a yi watsi da iska, na yi. Amma wanda ya rubuta shi bai taɓa neman filin mita 10 da babu mutum a Mile 12 ba. Albasa ta tashi, ta lanƙwasa gwanin sha'awa, ta dira a goshin wani mai baro da ya ɗauko buhu. Ya yi salati ya dafe kai, baro ya kuɓuce, ga wurin da ɗan gangara, kuma gangarar wajena ta nufo.

Kafin in matsa ya kwashe min ƙafafu, na faɗa kan buhun daɓas, muka ci gaba tare. Yaron nan da jiya ko uffan bai iya cewa ba, sai ga shi yana bin mu a guje yana ɗaga murya:

"Kawu, na gane! Nauyi sau gudu, kuma ba ya ɓacewa in an yi karo! A ce baro da buhu kilo 120 ne, gudu mita 3, 360 ke nan. Kai kilo 60 kana tsaye, naka sifili. Tunda kun manne, a raba 360 da 180. Mita 2 a sakan kake yi!"

"Tare baron, ja'iri!"

Kwandon tumatir na wata Bayarabiya ne ya tare shi. Ban ji Yarbanci sosai ba, amma farashin da ta faɗa na ji shi tsaf, na biya ba ciniki.

Ina goge tumatir daga riga mai baro ya ƙaraso, goshi ya yi tudu. Na ba shi haƙuri da kuɗin magani. Ya ƙirga, ya sa a aljihu, bai motsa ba.

"Alhaji, saura kuɗin dako. Kilo 60 na ji yaron ya ce, kuma daga can har nan a barona ka zo."