Wai Sa'a Ce? Magana Ga Ƙannena Masu Zaman Benci

Assalamu alaikum ƙannena. Daren Asabar da ta wuce na shiga gida raina a ɓace, har uwargida ta tambaye ni ko wani ne ya taɓa ni a kasuwa. Ba kowa. A gidan kallon ƙwallo na unguwarmu na kwaso ɓacin ran. An tashi daga wasan Bayern Munich, aka hasko fuskar kocinsu Vincent Kompany, sai wani yaro da ke zaune a bencin gabana ya yi tsaki ya ce, "Wannan ai ɗan sa'a ne kawai. Mutumin da ya jefa Burnley rami? Guardiola ne ya yi masa hanya." Abokansa suka kwashe da dariya suna tafawa.

Na san yaron, na san gidansu. Ni na je sunansa. Bara ya ajiye makaranta yana aji biyar na sakandare, ya ce wa mahaifinsa shi ƙwallo zai buga, Turai zai tafi. Tun daga lokacin ban taɓa ganinsa a fili da asuba ba, ko sau ɗaya, alhali ta bakin filin nake wucewa kullum idan na fito daga masallaci. Sai azahar yake tashi. Shi ne mai bakin cewa wani ɗan sa'a ne.

Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Ɗana, ka san ko wane ne wannan mutumin?" Ya ce, "Baba, ai kowa ya san shi, tsohon kyaftin ɗin Man City ne." Iyakar abin da ya sani ke nan. To tunda a can hayaniya ba ta bari na yi magana ba, bari in yi ta a nan, don ba shi kaɗai ba ne. Wannan kalma ta "sa'a ce" ta zama cuta a bakinku. Wane ya ci jarrabawa, sa'a ce. Wane ya buɗe shago, hanya ce. Wane ya gina gida, uban gida gare shi. Ba wanda ya taɓa yin gumi a duniya a wurinku, kowa tsintuwa ya yi.

Ku fara da ubansa. Pierre Kompany mutumin Kwango ne, yana ɗalibi aka tsare shi saboda zanga-zangar adawa da mulkin Mobutu, ya isa Beljiyam a 1975 a matsayin ɗan gudun hijira. Tasi ya riƙa tuƙawa yana karatu har ya zama injiniya. A 2018 aka zaɓe shi magajin garin Ganshoren a yankin Brussels, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan kujera a ƙasar. Shekara arba'in da uku tsakanin ranar da ya sauka da ranar da aka zaɓe shi. Wannan ma sa'a ce? A gidan wannan mutumin aka haifi Vincent a 1986, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yana ɗan shekara 17 ya fara buga wa babbar ƙungiyar Anderlecht wasa, yana 18 aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan gasar Beljiyam ta 2004, kuma shi mai tsaron baya ne, ba mai cin ƙwallo ba. To a nan ne za ku ce kun gani, baiwa ce. Na yarda, baiwa daga Allah take. Amma ku ji abin da ya biyo baya. Ya koma Hamburg ta Jamus a 2006, bai daɗe ba jijiyar agararsa ta samu matsala, kakar wasa ta farko kusan duk a jinya ta ƙare. Yana can mahaifiyarsa ta rasu da ciwon daji. Yaron da ake cewa zai zama sarkin 'yan baya a Turai, sai ga shi a 2008 an sayar da shi ga Manchester City a kan kusan fam miliyan 6, kuma City ta wancan lokacin ba wadda kuka buɗe ido kuka gani ba ce. Kwanaki kaɗan bayan zuwansa ne Larabawan Abu Dhabi suka sayi ƙungiyar, kuɗi suka fara kwarara, aka riƙa sayo manyan 'yan wasa ana sallamar tsofaffi. Da yawa daga waɗanda ya tarar an yi waje da su. Shi ya zauna shekara goma sha ɗaya, ya ɗaura kambun kyaftin, ya ɗaga kofin Firimiya sau huɗu: 2012, 2014, 2018 da 2019.

Kuna tuna ƙwallon da ya ci Manchester United da ka a watan Afrilun 2012. Kuna tuna wadda ya ɗirka wa Leicester daga nesa a watan Mayun 2019, minti na 70, abokan wasansa na yi masa ihun kada ya buga, City ta ɗauki kofi da tazarar maki ɗaya tak a kan Liverpool. Waɗannan kuke turawa juna a waya. Abin da ba ku turawa shi ne watannin da ya shafe a ɗakin jinya. Sharaɓar ƙafarsa ta yi ta yagewa, ya warke, ya dawo, ta sake yagewa. Gasar ƙasashen Turai ta 2016 a gida ya kalle ta, alhali shi ne kyaftin ɗin ƙasarsa. Hatta wasan karramawa da aka shirya masa a 2019, rauni ya hana shi bugawa. An sha cewa ya ƙare. Duk lokacin da aka faɗa sai ya koma atisaye shi kaɗai, daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa gudu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ku kuwa naman kawai kuke hange a faranti.

Abin da ya fi ƙona min rai game da yaron nan shi ne maganar makaranta. Kompany yana kyaftin ɗin City, yana karɓar albashin da zai ishe shi har jikoki, ya koma aji. A 2017 ya kammala digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci a Manchester. Yana jin Faransanci, yana jin harshen Holan, yana jin Turanci, yana jin Jamusanci. Ranar da ya zauna gaban 'yan jaridar Jamus da harshensu ya amsa musu. Kai kuwa da ba ka taɓa karɓar ko naira ɗaya ta ƙwallo ba, ka yar da littafi wai zai hana ka zama tauraro. Idan yau aka miƙo maka takardar kwantiragi, wa zai karanta maka? Shi ya sa 'yan damfara masu kiran kansu ejan suke cin kasuwarsu a kanku. Na san gidan da aka sayar da gona aka ba wani mutum kuɗin biza da na jirgi, har yau lambar wayarsa a kashe take. Uban gidan bai sake daidai ba tun daga ranar.

Ga kuma cacar nan da ta shigo mana ta waya. Ita ce ma uwar wannan tunani. Yaron da ya saba yanko tikiti da naira ɗari biyu yana jiran miliyan, dole ya ɗauka duk duniya haka take tafiya. Rabin masu cika gidan kallo yanzu ba wasa suke kallo ba, tikitinsu suke gadi. Ƙwallo ta shiga raga, maimakon murna sai ka ji ashar, wai an yanka masa tikiti. Kuɗin cefane, kuɗin makaranta, kuɗin da uwa ta tara a adashe, duk sun bi ta nan. Haramun ce, kun sani, malamai sun faɗa har muryarsu ta dushe.

Mu koma kan Burnley, tunda ita ce hujjarku. Gaskiya ne, yana kocinta ya faɗo da ita daga Firimiya a 2024, ta ƙare ta 19 da maki 24, wasa biyar kacal ta ci a kaka guda. Ni kaina a lokacin na ga taurin kai a lamarinsa, don ya nace sai yaransa sun fara wasa daga baya suna 'yar taɓa-taɓa, manyan ƙungiyoyi na ƙwacewa suna zura musu. Amma me ya sa ba ku faɗin cewa shi ne ya hau da ita? Ya karɓe ta a 2022 ta faɗo, manyan 'yan wasanta sun watse, ya haɗa sababbin yara, cikinsu har da Nathan Tella da ya zo aro, wanda daga baya ya sa rigar Super Eagles. Ya sauya musu salon wasa gaba ɗaya, suka ɗauki kofin rukuni na biyu da maki 101. Kafin nan ma ya sha nasa kashin a Anderlecht, inda ya koma a 2019 yana wasa yana horarwa, aka yi wasa huɗu na farko ba nasara ko ɗaya, mutanen garinsu suna yi masa dariya. Bai gudu ba. Ya rataye takalmi a 2020 ya rungumi horarwa kaɗai, ya kai su matsayi na uku da wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 2022.

Haka ne, Bayern ta nemi wasu kafin shi ba ta samu ba. Haka ne, an ji ta bakin Guardiola, kocin da ya horar da shi a City, kuma ya yabe shi. To ina tambaya, me ya sa ya yabe shi? Shekara uku yana ganinsa kullum a filin atisaye da ɗakin sauya kaya. Babban mutum ba ya sa sunansa a kan malalaci. Kai wa zai tsaya maka? Mai shayin da ke bin ka bashi, ko ogan da ka gudu daga garejinsa bayan wata biyu don ya ce ka wanke sifana? Hanyar da kuke ta kuka a kanta, hali ne ke share ta. Ƙofa ta buɗe masa yana ɗan shekara 38, aka same shi a shirye, a kakarsa ta farko ya dawo wa Bayern da kofin Bundesliga da Leverkusen ta ƙwace, Harry Kane ya ɗaga kofinsa na farko a rayuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wani ya ce ina musun rabo. Rabo gaskiya ne, kuma wani zai yi wahalar da ta fi ta Kompany bai samu ko rabin abin da ya samu ba. Na san ƙasar nan da wuya, na san masu digiri suna tuƙa Keke Napep. Amma iyayenmu da suka fi mu tawakkali ba su taɓa fakewa da ƙaddara suna barci har rana ta take ba. Manomi yana cewa damina ta Allah ce, amma da fartanya a kafaɗa yake faɗa. Ku kun ɗauki kalmar sa'a kun mai da ita bargo. Idan nasarar kowa sa'a ce, to zamanku a benci ba laifinku ba ne, shi ke nan kun huta. Hassada ce da lalaci suka haɗu suka sa riga ɗaya. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, hangen Dala kuma ba shiga birni ba ne.

Kuma wannan Beljiyam ɗin ba baƙuwarmu ba ce. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ta Kaduna ya tafi Club Brugge. Celestine Babayaro, shi ma ɗan Kaduna, a Anderlecht ɗin nan ya fara kafin Chelsea. Marigayi Stephen Keshi ya yi wasa a can. Osimhen da kuke sa rigarsa, sai da abubuwa suka ƙi masa a Wolfsburg, ya je Charleroi ya sake tashi daga ƙasa. A irin filayen ƙurar nan namu suka taso, ba su jira ciyawa ba.

Ku nemi abin yi, ƙannena. Ku koma makaranta ko ku kama sana'a, in ƙwallon ce ma ku yi ta da gaske. Ban ce ku daina kallo ba, ni ma ina kallo.

Amma wallahi ina kewar zamanin da muka taso. Mu ƙwallon tsumma muka fara bugawa ba takalmi, kuma ba ka isa ka shiga fili ba sai ka dawo daga makarantar allo ka gama aiken gida. Kocin unguwarmu tela ne, ba a biyansa ko sisi, amma duk ƙarshen zango sai ka kawo masa sakamakon jarrabawarka ya gani, in ka faɗi benci za ka zauna ko da kai ne mai cin ƙwallon ƙungiya. Gasar makarantu kuwa gari ne ke fitowa kallo. Idan babba ya yi magana a fili shiru ake yi. In wani ya fi ka, sai ka je ka tsaya kusa da shi ka ga yadda yake yi, ba ka koma gefe kana tsaki ba. Ban san lokacin da muka saki wannan ba, kuma mu iyaye da yayye muna da namu kason na laifi, don a gabanmu aka fara muka yi shiru.

Da asubahin Lahadi na bi ta bakin filin kamar kullum. Yara uku ne kawai ke zagaye, dukkansu ba su wuce shekara goma sha biyu ba, ɗaya ma silifas ne a ƙafarsa. Da na ƙarasa ƙofar gidan su yaron nan sai na tarar da mahaifinsa, mutum mai furfura, yana ta fama shi kaɗai zai ɗora buhu a kan babur ya tafi kasuwa. Na kama masa muka ɗora. Na ce, "Malam, ina yaron?" Bai ɗago ya dube ni ba, ya ce yana ciki bai tashi ba.